Hoton Shugaban Asibiti Ba Ya Maganin Maƙoƙo

Yau dai ku yi mini haƙuri, ba labarin masoya na zo muku da shi ba. Wani abu ne ya tokare mini maƙoshi wata da watanni, in na haɗiye shi sai ya dawo, shi ne na ce bari in amayar da shi kowa ya ji. Ba zan kama sunan kowa ba, amma duk wanda ya tsargu to da shi nake.

Duk mazaunin Kurmin Mashi da ke da dangi a ƙauye ya san gidansa masaukin marasa lafiya ne, ko ya so ko ya ƙi. Dalili kuwa shi ne Kaduna gari ne na manyan asibitoci. Ga Asibitin Ido na Ƙasa can ta wajen Mando, wanda dokar kafa shi ta fito tun 1979. Ga Asibitin Kunne da aka kafa a 1999, ga na ƙwaƙwalwa a Barnawa, ga na sojoji da ake kira 44 nan kusa da mu, ga Barau Dikko, ga Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ga Gwamna Awan a Kakuri. In kuma abu ya gagara sai a nausa Shika, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma a 2005, ko a wuce Kano, ko Abuja. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina shimfiɗa wa majinyata tabarma a falona, daga ƙasar Katsina, daga Zamfara, har daga Maraɗi. Kuma duk wanda zai taso, tambayoyinsa uku ne ba sa sauyawa: yaushe zan zo, nawa zan riƙo, wa zan gani?

Da can amsar ita ce, ku dai taho Allah zai rufa asiri. Yanzu kuwa da aka ce zamani ya zo, kowane babban asibiti ya buɗe shafinsa a intanet, sai na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba.

Bara da rani Goggona, ƙanwar mahaifina, ta aiko daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi cewa maƙoƙon da ta daɗe tana fama da shi ya fara hana ta barci, in ta kwanta rigingine sai ta ji kamar an shaƙe ta. A asibitin da ke kusa da su an ce aikin ya fi ƙarfinsu, a kai ta babban asibiti. Na sa 'yata ta buɗe mana shafin wani babban asibiti a wayarta. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan ce ko a Kaduna yake ko a wani garin ba. Muka yi ta lalube har muka gano inda aka jera ranakun ganin likita, aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa masu irin wannan ciwon ranar Talata ake ganinsu, har da sunan babban likitan da ke duba su. Na ce a kira lambar wayar da ke ƙasan shafin don a tabbatar. Lamba uku ce. Ta farko irin ta wayar girke ce ta zamanin NITEL, ko ƙara ba ta yi ba. Ta biyu aka ce a kashe take. Ta uku ta yi ta ringin har ta gaji, safe da yamma, kwana biyu. Sai na ce a raina, ai asibitin gwamnati ba zai rubuta ƙarya da hannunsa ba. Na aika wa Goggo cewa ta taho ranar Litinin.

Akuya ta sayar ta yi kuɗin mota, ita da jikanta da ya rako ta. Kun dai san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kun kuma san cewa hanyoyin nan ba a bin su sai da addu'a a baki. Ranar Talata muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Muka yi layin yankar kati, muka yi layin biyan kuɗi, muka yi layin neman fayil. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka isa gaban wani ma'aikaci a bayan taga, ya ɗaga kai ya dube mu ya ce, "Hajiya, ai yau ba ranarsu ba ce. Alhamis ake ganinsu."

Na ce, "Malam, a shafinku na intanet fa na gani, Talata aka rubuta."

Sai ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin dariyar da ake yi wa yaron da ya yarda da tatsuniya. Ya ce, "Hajiya, wa ya ce ki bi wannan? Ai an fi shekara biyu da sauya ranar. Shi ma likitan da kika ambata ya daɗe da barin ƙasar. Kuma ko Alhamis ɗin ma ba haka kawai ake shiga ba, sabon zuwa sai an ba shi rana."

Ranar da aka ba mu mako shida ce a gaba. Goggo tana zaune a kan benci ta tallafe wuyanta da gefen mayafi, ba ta ji abin da aka ce ba. Da na zo na faɗa mata, shiru ta yi, can ta ce, "To 'yar nan, akuyar fa?" Wallahi har yau ban sami amsar da zan ba ta ba.

Da muka dawo gida baƙin ciki ya hana ni rubutu. Na ajiye littafin da nake kai, na ce wa 'yata ta zauna mu bi shafukan asibitoci ɗaya bayan ɗaya, na tarayya da na jihohi da na kuɗi, daga nan Arewa har Kudu. Mun yi darare muna wannan aiki, mun ƙona data ba kaɗan ba. Akwai 'yan ƙalilan da suka yi abin kirki, Allah ya saka musu. Amma mafi yawa kamar tela ɗaya ne ya ɗinka su.

Kana buɗewa abin da zai fara tarbarka shi ne hoton shugaban asibiti, ya sha kwat ko babbar riga, ya harɗe hannuwa yana murmushi. A ƙarƙashinsa jawabin maraba ne da Turancin da sai ka nemi ƙamus. Sai hoton minista ko kwamishina. Sai hoton ranar da aka yanke ƙyalle aka buɗe wani gini. Sai tarihin asibiti tun daga zamanin Turawa, sai manufofinmu, sai burinmu, sai jerin 'yan majalisar gudanarwa waɗanda wasunsu an rushe majalisar tasu tuntuni, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya. Ka latsa inda aka rubuta labarai, sai ka tarar sabon labarin cikinsu shi ne ziyarar ban-girma da wata ƙungiya ta kai shekara uku da suka wuce. Ka latsa inda aka ce ga ayyukanmu, sai a ce ana kan gini, ginin da ko ɗan kwangilar ya manta da shi. Akwai wanda hotunan cikinsa Turawa ne farare sol da fararen riguna, an kwaso su daga wani wuri an manna, kai ka ce a Landan asibitin yake. Akwai wanda aka tanadi gurbin neman ganin likita, na cike, na tura, har yau ina jiran amsa. Akwai wanda ma ba ya buɗuwa sam, kuɗin hayar sunan ya ƙare ba wanda ya lura.

Abin da kusan duk na tarar yana aiki garau shi ne sanarwar sayar da fom na makarantar koyon aikin jinya da tallar neman 'yan kwangila. Wato inda kuɗi zai shigo ba a wasa da shi. Inda mara lafiya zai amfana ne aka bar wa gizo-gizo.

To ni tambayata ita ce, don wa aka yi shafin? Idan don shugaba ne ya nuna wa abokansa, to ya biya da kuɗin aljihunsa. Idan kuwa da kuɗin jama'a aka yi, to ma'auninsa ɗaya ne tak: shin zai iya hana mara lafiya yin tafiyar banza? Shafin da ya kasa wannan, ko da zinare aka yi masa ado, fankan fankan ne ba kilishi ba.

Kada wani ya ce wannan ma'auni na marubuciyar littattafan kasuwa ne wadda ba ta wuce sakandare ba. Na yarda ban je jami'a ba, amma na iya tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Masana sun daɗe da tsara yadda ake auna ingancin bayanin lafiya a intanet. Tun a 1997 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, wadda ake kira JAMA, ta fitar da sharuɗɗa huɗu: a san wanda ya rubuta bayani da matsayinsa, a san inda ya samo shi, a bayyana mai shafin da wanda ke ɗaukar nauyinsa, sannan a rubuta ranar da aka sa bayanin da ranar da aka sabunta shi. Wata gidauniya a birnin Janeba ta fito da ƙa'idoji a 1996 da aka sani da HONcode, ta yi ta ba shafukan da suka cika su tambari har zuwa ƙarshen 2022 da ta daina. A Ingila an tsara wani ma'auni mai tambayoyi 16 da ake kira DISCERN don mara lafiya da kansa ya iya tantance bayanin magani. Ku dubi sharaɗi na huɗu na JAMA ɗin nan, wato kwanan wata. Da a ce a ƙasan jerin ranakun nan an rubuta ranar da aka sa shi, da na gane tsohon zance ne, da akuyar Goggo tana nan tana cin dusa.

Wasu ƙasashen ma sun wuce shawara sun mai da abin doka. A Ingila, tun daga watan Afrilun 2015, dole ne asibiti ya manna sakamakon binciken da hukumar sa ido ta yi masa a jikin bangonsa da kuma shafinsa na intanet, ko yabo ya samu ko kunya ya sha. A Amurka, daga 1 ga Janairun 2021 aka wajabta wa asibitoci su wallafa farashin ayyukansu a intanet yadda mutum zai gani kafin ya je. Can inda mafi yawan mutane ke da inshora ke nan. Mu nan da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mara lafiya yake fitowa kai tsaye, mu ne muka fi kowa buƙatar sanin farashi, mu ne kuma aka fi ɓoye wa. Mutum zai sayar da buhun masara ya taho, sai ya iso a ce kuɗin hoto kaɗai ya cinye abin da ya riƙo.

Na san za a ce can Turai ke nan. To mu dawo gida. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 24, ta ɗora wa ma'aikatun lafiya na tarayya da na jihohi da hukumomin lafiya na ƙananan hukumomi da masu asibitocin kuɗi nauyin yaɗa cikakken bayani a kan irin ayyukan da suke yi, da yadda aka tsara su, da lokutan aiki da na ganin marasa lafiya, da hanyar kai ƙorafi, da haƙƙin mara lafiya da na ma'aikaci. Sashe na 23 ya ce a yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake ji gwargwadon iko, a kuma yi la'akari da zurfin karatunsa. Sashe na 20 ya haramta a ƙi karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. A watan Yulin 2018 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin mara lafiya guda 12, daga ciki har da haƙƙin samun bayani da haƙƙin sanin abin da za a caje ka dalla-dalla. Kafin nan akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ce hukumomin gwamnati su riƙa fitar da bayanan ayyukansu ba sai an roƙe su ba. Kafin ita ma akwai SERVICOM da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2004, wadda ta ce kowace ma'aikata ta rubuta alƙawarin da ta ɗaukar wa jama'a. Ga kuma hukumar NITDA da ta fitar da ƙa'idojin yadda shafukan gwamnati za su kasance. Doka kam ba mu rasa ba, kamar jamfa a Jos. Mai aiki da ita ne babu.

Yanzu bari in zo kan uzururrukan da na sha ji tun da na fara wannan ƙorafi a gidajen biki da wuraren suna.

Na farko, wai talaka bai san intanet ba, don haka wa zai karanta? Wannan magana ta waɗanda suka daɗe ba su shiga unguwa ba ce. Gaskiya ne Goggo ba ta iya latsa waya ba, amma tana da jika, tana da ni, ni kuma ina da 'ya. A kowane gida yanzu akwai yaro ɗaya da ake miƙa wa waya a ce duba mana. Yaran nan su ne ke cike fom ɗin jarrabawar JAMB da tun 2015 aka mai da ita ta kwamfuta gaba ɗaya. Su ne ke tura kuɗi ta waya, su ne ke karanta littattafanmu a WhatsApp har ƙarfe biyun dare. Nan Rigasa da ke maƙwabtaka da mu, tun 2021 aka fara sayar da tikitin jirgin ƙasa na Abuja ta intanet, mutum yana ɗakinsa zai ga lokacin tashi da kuɗin kujera. Ashe za a iya faɗa wa matafiyi ƙarfe nawa jirgi zai tashi, amma ba za a iya faɗa wa mai ciwo ran da likita zai zauna ba?

Na biyu, wai asibitin da ba wuta, ba magani, ba isassun likitoci, ke kina maganar shafin intanet. Wannan uzurin ya fi na farko nauyi, kuma ba na raina shi. Na kwana a asibiti ina jinya ba sau ɗaya ba, na ga nas ɗaya tana kula da ɗaki guda cike da marasa lafiya da fitilar waya, na ga likitan da ya kwana tsaye ya wayi gari tsaye. Da su ba na faɗa, addu'a ce tsakanina da su. Na kuma san shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayyarmu ba ta taɓa cikawa ba. Amma ai wannan hujjata ce, ba tasu ba. Inda likita ya yi ƙaranci nan ne aka fi buƙatar kowa ya san ranarsa, don kada a taru a yi cincirindo a ƙofar da ba za a buɗe ba. Inda na'urar ɗaukar hoto ta lalace nan ne ya kamata a sanar, don kada a ɗauko mai karaya daga Birnin Gwari a zo a ce a koma. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun yi yajin aiki daga farkon Agusta har farkon Oktoba, sama da wata biyu. A irin wannan lokaci layi ɗaya a saman shafi, cewa ga sashen da ke aiki ga wanda ke rufe, zai iya ceton rai. Rubuta layin nan ba ya buƙatar janareto, ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Mutum ɗaya yake buƙata wanda aka ce wannan aikinka ne.

Na uku, wai ba kuɗi. To da wane kuɗin aka yi shafin tun farko? Abin da ke faruwa kowa ya sani. Sabon shugaba ya zo, a ba wani kwangilar gina shafi, a yi bikin ƙaddamarwa, a ci kaza a sha lemo, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi da mabuɗin shiga a aljihunsa. Daga ranar ba mai iya sauya ko wasali. In wani shugaban ya zo sai a sake sabon lale, a sauya hoto, a bar tsohon jerin ranaku yadda yake. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin jama'a ya gina shafi, da wanda ya sa hannu aka biya, wajibinsu ne su tabbatar abin da ke ciki gaskiya ne.

Na huɗu, wai da babu gara ba daɗi. A nan kam ban yarda ba sam. Da a ce asibitin nan ba shi da shafi, da na yi abin da na saba yi shekara da shekaru, in hau Keke Napep ko in shiga mota in je da ƙafata in tambaya kafin in ce tsohuwa ta taso. Shafin ne ya hana ni, don na ga tambarin asibiti a kansa na gaskata. Rashin bayani jahilci ne kawai, ana maganinsa da tambaya. Tsohon bayani da aka bari da sunan hukuma kuwa yaudara ce, ko da ba da niyya aka yi ba.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta fi ci mini rai. A duk shafukan asibitocin Arewa da na bi, ban ci karo da wanda ya yi wa mara lafiya bayani da Hausa ba. A ƙasar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, a harshen da BBC ke watsa shiri da shi tun 1957. Je ka layin kowane asibiti a garin nan ka saurara ka ji da wane harshe ake kuka. Likitan da kansa in ya shiga ɗakin duba marasa lafiya Hausa yake yi, ko da ba Bahaushe ba ne, don ya san in ba haka ba aiki ba zai yiwu ba. Amma da an zo rubutu sai a koma Turanci, kamar Hausa abin kunya ce. Abin takaici, duba shafukan manyan asibitocin Indiya da masu hali ke tafiya, za ka ga sashe guda na baƙi daga ƙasashen waje, da alƙawarin tafinta, da wanda zai tarbe ka a filin jirgi, ka tura saƙo kafin ka ajiye waya an amsa. Su kuɗinmu suke so, shi ya sa suka koyi yi mana magana. Namu kuwa sun san ba mu da wurin zuwa.

Mu da ake yi wa gori da adabin kasuwa, an daɗe ana cewa littattafanmu ba su da inganci. To amma ko a zamanin da muke kai littafi Kano a buga, ba marubuciyar da za ta yarda littafinta ya fita ba farashi, ba inda za a same shi, ba lambar da za a kira. In ka sa wa littafi bango mai ƙyalli aka buɗe aka tarar shafuka sun ɓace, dillali zai dawo maka da kayanka, mai karatu kuma ba zai sake sayen sunanka ba. Mu kasuwa ke hukunta mu. Su wa ke hukunta su?

Don kada a ce na yi ta surutu ban kawo mafita ba, ga abin da nake roƙo, kuma ban roƙi abin da ya fi ƙarfin kowa ba. A sauke hoton shugaba a mai da shi can ciki, duk mai son ganinsa ya bi shi. A wurinsa a sa lambar sashen gaggawa da manyan baƙaƙe, lambar da mutum mai rai zai ɗauka dare da rana. A sa ranakun ganin kowane likita da lokacin da ake rufe karɓar kati. A faɗi abin da sabon zuwa zai riƙo, ko sai da takardar turawa daga ƙaramin asibiti, ko ana ganin mutum a ranar da ya zo ko sai an ba shi rana. A rubuta kuɗin kati, da na gado, da na gwaje-gwajen da aka fi yi, da na haihuwa da tiyatarta, a kuma faɗi yadda ake biya. A bayyana ko ana karɓar inshorar NHIA ta tarayya ko ta KADCHMA ta jihar Kaduna, da abin da ta ɗauke da wanda ba ta ɗauke ba. A sa lokacin dubiya. A sa inda za a kai kuka in an ci zarafin mutum. A rubuta duk wannan da Hausa da Turanci, a kuma yi shi mara nauyi yadda ƙaramar waya mai ƙarancin data za ta buɗe shi a ƙauye, da rubutu mai girma don masu raunin gani. Sannan a ƙasan kowane shafi a rubuta ranar da aka duba shi na ƙarshe da ofishin da ke da alhakinsa. In ba za a iya ba, to a rufe shafin, a rubuta cewa ku zo ku tambaya. Wannan ma gaskiya ce, kuma ta fi ƙarya mai ado.

Ku kuma 'yan'uwana masu masaukin baƙi irina, ga nasiha daga wadda ta ji a jikinta. Kada ku ce wa mara lafiya ya taso saboda abin da kuka gani a shafin asibiti, sai kun ga kwanan wata a jikinsa, ko kun ji muryar mutum a waya, ko kun aika yaro ya gano da idonsa. In kun tarar da bayanin ƙarya kada ku yi Allah ya isa ku wuce, ku nemi teburin SERVICOM ko ofishin hulɗa da jama'a ku rubuta ƙorafi, ku karɓi shaidar an karɓa. 'Yan jaridarmu da masu shirye-shiryen rediyo su ma ga aiki nan a ƙofar gida: ku ɗauki lambobin da ke shafukan nan ku kira su kai tsaye jama'a na saurare, a ji wadda za ta shiga.

Na san kuna son jin yadda aka ƙare da Goggo. Ba ta iya zaman mako shida a Kaduna ba, ga damina ta matso, ga marayun jikoki ta baro. Ta koma gida. Ranar da aka ba ta ta zo ta wuce ba kuɗin mota, don ba wata akuyar. Ta koma shan saiwoyi da shafe-shafe. Sai bayan kaka, da aka sayar da amfanin gona 'yan'uwa suka yi karo-karo, aka sake kawo ta, lokacin ko ruwa da ƙyar take haɗiya. Alhamdu lillahi an yi aiki an dace, likitocin sun yi ƙoƙari matuƙa, Allah ya biya su. Amma ba zan manta ba, ranar da babban likitan ya fara duba ta, ya juyo ya dube ni cikin faɗa ya ce, "Hajiya, ke da kike cikin gari, me ya sa kuka bari ya kai haka?"

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga bayin Allah sun fi hamsin a waje suna jiransa, na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure ne."

Daren jiya kafin in zauna wannan rubutu na ce wa 'yata ta sake buɗe mini shafin. An sauya hoton shugaba, an sa na sabo, shi ma ya harɗe hannuwa yana murmushi. Ranar ganin masu maƙoƙo kuwa tana nan yadda take, Talata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya sa shugabanninmu su ji tsoronsa. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, daga Kurmin Mashi, Kaduna.